Kejin Da Na Zana Wa Ƙanena

A lokacin da abin nan ya faru ni malamin zanen fasaha ne a wata makarantar sakandare a nan Kaduna, mutum mai alli a aljihu da rula a jaka, wanda ya yarda cewa babu matsalar da ba ta warwaruwa in an zana ta da kyau a takarda. Ina zaune a Malali tare da Innarmu da ƙanena, wanda na girme shi da shekara goma sha ɗaya. Shi ba ya karanta komai sai lambar taya. Yana da wata ƙaramar mota da ya saya ta hannu, a ranakun aiki yana raba kaya a shaguna da ita, ranar Asabar kuma ya tafi wani fili a bayan gari inda samari ke juya motoci har taya ta yi hayaƙi. Farfesa yake kirana, kuma ba don girmamawa ba.

Wata Asabar motar wani abokinsa ta kife a filin, rufin ya lotsa har kan sitiyari. Da labarin ya iso gida, Inna ta kira ni ɗaki ta ce ni ne babba, in hana shi. Kalma biyu ce, babu wuyar fahimta. Ni kuma na yi abin da 'yan boko kan yi idan umarni ya yi musu nauyi: na sake masa fassara. Na ce a raina abin da take so shi ne ya tsira, kuma ana iya tsirar da shi ba sai an hana shi ba. Na yi mako uku ina karatu a kan kejin ƙarfen da ake haɗawa cikin motocin tsere, wanda ke riƙe rufi idan mota ta wuntsila. Na gano cewa irin motarsa ba ta da shasi daban, bodin shi ne fatar, shi ne kuma ƙashin, don haka in ka kafa ƙafar keji a kan siririn ƙarfen ƙasanta, ranar haɗari za ta huda shi ta wuce. Sai an shimfiɗa faranti mai kauri ƙarƙashin kowace ƙafa. Na zana komai, har da kibiyoyi.

Muka kai motar wajen wani dattijo mai walda a Rafin Guza, Bakatsine, mai magana kamar ana cajinsa kuɗin kowace kalma. Ya duba zanena ya juya shi sama da ƙasa, ya ce Malam ya iya zane, saura a ga ko ƙarfe ya iya karatu. Muka cire kujeru da kafet, muka cire batir, ya janye bututun mai daga inda wuta za ta taɓa. Ya huda ƙasan motar ya zura ƙafafun kejin ƙasa don ya samu ya walde saman mahaɗan da ke manne da rufi, sannan ya ɗaga shi ya ɗora kan farantan. Wannan dabarar ba ta cikin littattafaina, kuma ban gaya masa ba. Na sa ƙanena ya zauna a kujera, na auna tsakanin gefen kansa da sandar da ta bi ta saman ƙofa. Yatsa huɗu. Na rubuta a gefen takarda cewa ya wadatar. Yana ta tsokanata wai Farfesa zai ɗinka masa hula ne.

Ranar da aka gama, dattijon ya goge hannunsa ya yi mini tambaya ɗaya: ya ce ranar Asabar yaron zai sa hular kwano, to ranar Litinin fa, da me zai shiga? Ya ce a naɗe sandunan da soso kafin motar ta hau titi, in ma da hali a daina zuwa kasuwa da ita. Na yi masa bayanin yadda ƙarfi ke rarrabuwa a jikin alwatika. Ya saurare ni har na gama, ya ce Allah ya ƙara wa Malam ilimi. Soson na saye shi, wannan kam na yi, a Babbar Kasuwa, washegari. Amma mun yi wa kejin jan fenti, waldar ta fito tsaf, kuma ina so abokansa su gan shi tsirara ranar Asabar, su tambayi wanda ya zana. Na ce za a naɗe ranar Lahadi.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya fita sayo wa Inna gas. A wata mahaɗa da ba ta kai tafiyar minti biyar daga gida ba, wata bas ta buge shi ta gefe. Ba gudu suke yi ba. Direban bas ɗin ya fito yana shirin rigimar fenti, sai ya ga mutum bai motsa ba. Kansa ne ya tafi yatsa huɗun nan ya samu sandar. Da na iso, abin da na fara dubawa, kuma wannan ban taɓa gaya wa kowa ba, shi ne kejin. Ko lanƙwasa bai yi ba. Farantan suna nan daram. In da jarrabawa ce da na ba kaina maki cikakke.

Ya yi kwana goma sha tara bai farka ba. Ban yi kuka ba, ina zuwa asibiti, ina zuwa aji, ina gyara wa yara layukan da suka karkace. Ya farka, ya dawo gida, yana tafiya yana jan ƙafar dama, magana tana zuwa masa ɗaya bayan ɗaya, kuma shekarun baya sun zube masa kamar an goge allo. Ya san Inna. Ni sai da aka gabatar da ni. Yanzu Yaya yake ce mini, cikin ladabi, yana sunkuyar da kai. Inna ba ta taɓa tayar da zancen ba. Sau ɗaya kawai, tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba, ta ce ita dai hana shi ta ce in yi. Daga baya na karanta cewa soson katifa irin wanda na saya ma da wuya ya tare irin wannan bugu, akwai na musamman mai tauri. Na zaci wannan zai rage mini wani abu. Bai rage ba. Soson yana nan a bayan ƙofata cikin ledarsa.

Ga masu sha'awar wannan aiki, keji da hular kwano da bel mai ɗaure kafaɗu tare suke tafiya, kuma motar da aka yi wa keji ta gama zuwa cefane. Idan mai sana'a ya yi maka gajeriyar tambaya, kada ka ba shi doguwar amsa, ka tsaya ka ji. Idan kuma mahaifiya ta ce ka hana, ba ta nemi ka fassara ba.

Motar tana tsakar gidanmu, tayoyin sun sace. Kwanan baya na tarar da ƙanena ya buɗe ƙofar yana shafa jan ƙarfen da tafin hannu, yana bin waldar da yatsa. Ya tambaye ni wa ya yi wannan aiki. Na ce ni na zana. Ya jinjina kai ya ce gaskiya Yaya ya iya, ko motsi ba ya yi. Na ce masa na gode.