Kujerar da Ban Kama wa Baba Ba

Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana duba tikiti a jirgin ƙasan da ke ratsa Funtua, daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Layin ya daɗe da mutuwa. Ciyawa ta rufe dogo, mata na shanya barkono a dandamalin tasha, amma kullum bayan la'asar can yake zuwa ya zauna da tsofaffin abokan aikinsa a gindin dalbejiya. Abin huda tikitinsa da usur ɗinsa suna nan cikin wani gwangwani a ƙarƙashin gadonsa. A gidanmu kowa ya san labarin ranar da ya sauke kawunmu, ƙanin Inna uwa ɗaya uba ɗaya, saboda ya shiga jirgi ba tikiti yana taƙamar mijin yayarsa ne mai dubawa. Inna ta yi sati biyu ba ta yi masa dariya ba, shi kuwa ko a jikinsa.

Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Da ina yaro "kai wannan" yake ce mini, da na fara koyar da Turanci a wata sakandare a Malumfashi sai ya koma ce mini Malam. Ina da baki, ina da zafin kai, kuma ba na son a nuna mini abu sau biyu. Matata ta sha faɗa mini, ɗalibaina kuwa a bayan idona suke faɗa.

Idon Baba ne ya kai mu Jamus. Autarmu ma'aikaciyar jinya ce a can, ita ta yi ta fafutuka har aka samu takardu, ni kuma aka ce in raka shi. Likitoci suka duba, suka sake dubawa, suka ce ciwon ya riga ya ci jijiyar idon, ɗan ganin da ya rage ma ba zai daɗe ba. Ni na fassara masa. Ya ce alhamdu lillahi, ya gyara zaman hularsa, muka fito. A hanyar gida ya ce abu ɗaya yake so kafin mu koma: a saka shi a jirgin nan mai tsananin gudu da yake gani a talabijin, wanda ke tsallaka iyakar ƙasa bai ko rage tafiya ba, a ba shi gefen taga. Ya ce ya yi rayuwarsa a tsaye cikin tarago yana kallon hannuwan mutane, bai taɓa zama ya kalli waje ba.

Auta ta sayo mana wani irin tikiti da suke kira fas. Guda ɗaya ne, amma da shi za ka shiga jiragen ƙasashe da yawa har tsawon wasu kwanaki. Baba ya ce shi na takarda yake so, ba na cikin waya ba, aka samo masa. Ya yi ta jujjuya shi yana kai shi kusa da ido. Aiki ba zai bar Auta ta bi mu ba, sai ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce a yawancin jiragen cikin ƙasar fas kaɗai ya isa, ka shiga ka zauna duk inda ka samu. Amma mai gudun nan da ke shiga Faransa, dole sai ka kama kujera daban tun da wuri, da lambar tarago da lambar kujera, kuma kujerun da ake ware wa masu fas ba su da yawa, da sauri suke ƙarewa.

"Yaya, don Allah yau ka kama, kada ka bari sai gobe. Ko in yi maka da kaina?"

Wannan "ko in yi maka" shi ya ɓata mini rai. Yarinyar da ni na koya mata karatu a tsakar gida, yau ita ce za ta nuna mini yadda ake shiga mota? Na ce ta bar shi, ai ba daga ƙauye aka ɗauko ni ba. A raina kuma na ce wannan wayo ne kawai irin na masu jirgi. A sayar maka da tafiya, a kuma dawo a sayar maka da wurin zama? Ko 'yan kamasho a tashar Dandume ba su kai nan ba.

Kwanakin farko sai suka ƙara mini girman kai. Muka shiga Holan, muka leƙa Beljiyam a ƙananan jirage masu tsayawa gari gari, babu wanda ya tambaye mu wata kujera. A duba fas, a gyaɗa kai, a wuce. Baba yana ta murna kamar yaro ranar salla. Yana ƙirga tashoshi, yana yaba gonakinsu, yana cewa alkamar nan ko ta bakin dam ɗinmu ba ta kama ƙafarta ba. Mai gudun muka ajiye sai ranar ƙarshe ta fas ɗin, saura kwana biyu mu hau jirgin sama mu dawo gida.

Sau uku Baba ya tambaye ni ko na kama mana wuri. Bai san tsarinsu ba, amma ya ji abin da Auta ta faɗa, kuma shi mutum ne da ba ya wasa da maganar tikiti. Sau uku ina ce masa an gama komai. Ana gobe tafiya, bayan la'asar, sai na lallaɓa na buɗe waya don in kama a ɓoye. Babu. Na duba na safe, na duba na rana, na duba na yamma, duk kujerun masu fas sun ƙare. Auta tana kicin tana soya wa Baba nama don guzuri, taku biyar ne tsakanina da ita. Wallahi da na buɗe baki a lokacin, da wataƙila ta san wata dabara. Amma sai na tuna fuskar da za ta yi, na mayar da wayar aljihu. Na ce ai mutum ba ya rasa wurin zama a jirgi mai tarago goma sha.

Da safe Baba ya sa farar babbar rigarsa da ya tanada don sallar Juma'a. Muka shiga jirgin, na hango kujeru biyu babu kowa, ɗaya a jikin taga. A samansu akwai ɗan rubutu mai haske da ke nuna an kama su daga tasha ta gaba. Na karanta, na gane sarai, na zaunar da Baba. Jirgi ya ɗaga a hankali, sannan ya miƙe. Baba ya dafa gilashi da tafin hannu, ya ce bai ji ƙarar haɗin dogo ba ko sau ɗaya, wane irin aiki ne wannan. Ni kuwa ban ga komai a waje ba, ƙofar tarago kawai nake kallo.

Duk da raunin idonsa, Baba ne ya fara hango mai duba tikiti. Dattijo ne mai furfura, yana tahowa daga can ƙarshe da 'yar na'ura a hannu. Baba ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce in dubi yadda ya buɗe ƙafafunsa yana tafiya ba ya dafa komai, wannan ya san aiki. Har ya fito da fas ɗinsa ya riƙe, ya shirya miƙawa tun mutumin bai iso ba. Ana haka jirgi ya tsaya, mutane suka shigo, wata tsohuwa da mijinta suka tsaya a kanmu da takardarsu, suna duba lamba suna dubanmu. Na yi kamar ban gane ba, na kau da kai. Sai ga mai dubawa ya iso.

Ya karɓi fas ɗinmu ya duba, ya ce da Turanci suna da kyau, ina takardar kujera? A nan ne na yi abin da har yau idan na tuna nake jin kamar in nutse. Na murtuke fuska, na yi irin muryar da nake yi wa iyayen ɗalibai, na ce mun kama, takardar tana hannun tsohon nan ne ya yar da ita. Na ce ya yi haƙuri, tsoho ne daga ƙauye, ba ya gani sosai, bai san jirgi ba, bai san abin da ake nufi da tikiti ba. Har da ɗan murmushi na yi, irin na mu biyu mun fahimci juna.

Tun da muka zo ƙasar ni nake yi wa Baba magana, a asibiti, a kanti, ko'ina, shi yana shiru. Har na manta cewa aikin reluwe da Turanci ya yi shi, da Turanci ya rubuta rahoto shekara talatin da ɗaya.

Baba ya dafa kujerar gaba ya miƙe. Ya gaishe da mutumin da wani tsohon Turanci mai nauyi, a hankali, kalma bayan kalma. Ya ce babu takardar da ta ɓata, ba mu kama kujera ba ne. Ya ce shi ma wannan aikin ya yi a ƙasarsa har ya yi ritaya. Ya juya ya ba tsohuwar da mijinta haƙuri, ya matsa musu, ya janye rigarsa don kada su taka. Bai dube ni ba ko kaɗan.

Mai dubawa ya kalle ni, ya kalli Baba. Ya ce jirgin ya cika, babu kujerar da zai iya sayar mana, amma zai iya kau da ido mu tsaya a bakin ƙofa har mu tsallaka. Raina ya yi sanyi, na fara godiya ina tattara jaka. Baba ya tambaye shi ko doka ta yarda da haka. Mutumin ya ce a gaskiya ba ta yarda ba. Baba ya ce to kada ya ɓata aikinsa saboda mu, ya sauke mu a tasha ta gaba. Suka yi musafaha, mutumin ya riƙe hannun Baba da hannu biyu.

Tasha ta gaba ita ce ta ƙarshe kafin iyaka. Muka sauka, ƙofa ta rufe, jirgi ya ja ya bar mu a dandamali da ledar soyayyen nama. Baba ya tsaya yana bin sa da kallo har ya ɓace, ko da yake na san tun bai yi nisa ba ya daina ganinsa. Muka zauna a benci. Na fara kame-kame, ina cewa tsarinsu ne ba shi da kan gado, ina cewa da farar fata ne mu da ba a yi mana haka ba, alhali na san mutumin nan alheri ya so yi mana. Baba ya bari na gama tas.

"Malam," ya ce, "da cewa ka yi na yar da takarda ka tsaya a nan, da na ɗauka, ai tsufa ne. Amma ka ce ban san jirgi ba."

Na durƙusa a gabansa a kan simintin nan ina ba shi haƙuri, mutane suna wucewa suna kallo. Ya ce in tashi kada in tara mana jama'a, in je in tambayo jirgin da zai mayar da mu. Muka koma a ƙaramin jirgi mai tsayawa ko'ina, ya samu taga, amma bai ƙara dafa gilashi ba. Da Auta ta tarye mu da murna tana tambayar yaya Faransa, Baba ya ce ba mu samu wuri ba, Allah bai nufa ba. Ta dube ni, na sunkuyar da kai, ta koma kicin. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mun dawo ana yankan dawa. Kafin damina ta zagayo ganin Baba ya tafi gaba ɗaya. Yanzu duk ranar Asabar nake hawa mota daga Malumfashi in zo in riƙe masa hannu zuwa tsohuwar tasha. Abokansa ba sa gajiya da labarin jiragen Turai, shi ma ba ya gajiya da bayarwa, ya fito da fas ɗin daga aljihu su yi ta shafawa suna mamakin tikitin da ba a huda shi. Idan aka zo kan mai gudu sai ya ce mun shiga ba mu da kujera, aka sauke mu, kuma daidai aka yi. Kullum "mu" yake cewa. Ina zaune a gefensa ina ji, ban taɓa samun ƙarfin halin gyara masa ba.

Bara Auta ta kira a waya. Ta ce ta shirya komai Baba ya sake zuwa, wannan karon da kanta ta kama kujerar tun saura wata biyu, a mai gudun, a jikin taga. Ni nake riƙe masa wayar a kunne, ina jin abin da take faɗa. Baba ya yi mata addu'a mai tsawo, ya sa mata albarka, sannan ya ce ta mayar musu da kujerar tun da wuri, a ba wanda zai gani.