Wasiƙar da Jatau Ya Aika Gusau

Jatau manomi ne daga wani ƙauye kusa da Maradun. Da ruwan madatsar Bakolori ya shanye gonarsa ta gado, ya koma Damaga wurin dangin uwarsa, yana noma gonar aro. Na san shi ne a ofishin ilimi na Talata Mafara, inda nake akawu.

Ɗan farinsa Abdulhamid ya gama sakandare a Gusau a 1978. Kowa a Damaga ya yanke cewa likita zai zama, kuma a jami'ar Zariya, inda ɗaruruwa ke neman gurbin da bai taka kara ya karya ba. Tun bai zauna jarrabawa ba mata ke kiransa Likita. Sunaye suka fito, babu nasa. Ya sake zama a 1979, aka sake yin babu. Daga nan ya ƙi dawowa gida. Ya tare a zauren wani abokinsa a Gusau yana karatu, ya rame, ko sallah bai zo ba.

Jatau mutum ne mai riƙon kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunan yaron ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Duk maganar da ke tsakaninsu ƙanwar Jatau, Taiba, ke kaiwa, ita kuwa ta rasu a damunar 1979. Yaron ya ji shiru, ya ɗauka fushi ne.

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris 1980, Jatau ya shigo ofishina. Muka gaisa har ta kai ga tambayar awaki, sannan ya ce, "Malam akawu, takarda nika son ka rubuta ma wancan yaron."

"Daga wa?"

"Ka ce daga gwaggo tai."

"Malam Jatau, ai ya san ta rasu."

Ya juya hularsa a hannu. "To ka ce daga mutanen gida."

"Mutanen gida su suka sa masa Likita. Kai yake jiran ya ji."

Ya ce, "Kai dai ba ka da kunya, akawu." Sannan ya faɗi, ni kuwa na rubuta yadda ya faɗa, ban gyara ba: shi bai haifi likita ba, ɗa ya haifa, gona ta tafi ya haƙura, ba ya iya haƙurin biyu, in Zariya ta samu to, in ba ta samu ba tuwo na nan. Ya dangwala babban yatsa, ya fita da sauri kamar wanda ya yi ɓarna.

Bayan kwana tara Abdulhamid ya sauka a Damaga. An ce Jatau na jin sallamarsa ya ɗauki gatari ya bi ta bayan gida, sai dai ya bar umarni a yanka zakara.

Yaron bai sake neman Zariya ba. Ya shiga kwalejin horon malamai a Sakkwato, ya yi shekara talatin yana koyarwa a Bakura. Duk hutu a Damaga yake yinsa, har Jatau ya rasu a 1991.