Bindigogin Orville da Kunyar da Muka Sha

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da hantsi, ina ƙofar gida ina kwashe ƙanƙara, matarka Maxine ta kira ni ta ce, "Wendell, mutuminka ya tafi." Haka labarin rasuwarka ya iske ni, Orville Kaczmarek. Ka cika a asibitin garinmu bayan jinyar huhu, kana da shekara tamanin da ɗaya. Wanda Ya ba mu kai Shi Ya karɓi abinSa, ba mu da ta cewa.

Na so in rubuta maka yabo zalla, domin ka cancanta. Amma abin da mu 'yan ƙungiyarka muka aikata ranar da aka binne ka ya tsaya mini a rai, kuma na san ba ka son rufa-rufa. Bari dai in fara da kai.

Kai ka kafa ƙungiyar masu adana bindigogin yaƙin duniya na biyu a nan bakin tafkin Erie, irin waɗanda ke ɗana harsashi da kansu bayan kowane harbi. Bindiga ƙirar Garand ce 'yar lelenka. Ranar da na fara sauka ɗakinka na ƙasa, na yi karambanin cusa hannu cikin ɗaya, ƙarfen ya datse mini babban yatsa har farce ya yi baƙi. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce, "To barka da shigowa dangi. Wanda ba ta ciza ba ai baƙo ne." Sannan ka kawo ƙanƙara da kofi, ka zauna kana nuna mini yadda ake yi har na iya.

Mu muna kallon lambar ƙira da hatimin da ke jikin katako. Kai kuwa kakan ce, "Kowace ɗaya daga cikinsu wani yaro ne ya rungume ta a rami yana kiran uwarsa. Ku riƙe ta da ladabi."

Ba zan manta da dattijo Alvin Stroh ba, tsohon sojan da ya yi yaƙin Koriya. Ya makance, yana gidan kula da tsofaffi, ya daina magana da kowa. Ka nemi izinin masu gidan, ka cire ƙarfen da ke sa bindiga ta tashi, ka kai masa Garand ka ɗora a cinyarsa. Ina tsaye. Yatsunsa suka bi ta, suka kwance ta gaɓa-gaɓa ba tare da ido ba. Can sai ya ce, "Wane sakarai ne ya zuba mata mai haka? Kifi za a soya?" Ma'aikaciyar jinyar ta juya baya tana share hawaye. Kai kuwa ka ce, "Ni ne, ranka ya daɗe, a gafarce ni." Daga nan duk Lahadi kana wajensa har ya bar duniya.

Wannan mutumin muka binne ranar Juma'a. Daga maƙabarta aka wuce zauren coci, inda matan unguwa suka jera pirogi, wato ƙullin fulawa mai haɗi a ciki, da naman alade da dankali. Maxine na zaune, 'yarku Colleen na zagayawa da butar kofi. Sai Floyd Brubaker, wanda ya fi shekara ashirin yana cin abinci a teburinka, ya durƙusa kusa da Maxine kamar mai ta'aziyya ya ce, "Maxine, kada ki yi saurin sayar da Johnson ɗin nan. In kin tashi, ni ne na farko." Yana nufin bindigar nan da ba a ƙera da yawa ba, wadda kowa ke haɗiyar miyau a kanta. Denny Voss ya ji, ya matso ya ce, "Kai tsohon ɓarawo, ai ni marigayi ya yi wa alkawari." Wasu biyu suka taso da farantansu a hannu, kowa na ambaton wadda yake so. Ni ne na gaje ka a shugabancin ƙungiyar, amma kafin in ratsa zauren in kama hannun Floyd, magana ta riga ta cika wurin. Colleen ta ajiye butar ta fita. Limamin cocin ya sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Maxine ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Floyd, ku bari ƙasa ta kwanta a kansa mana." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ai ya faɗa mini a asibiti. Ya ce, 'Za su zo kafin kofi ya huce. Kada ki ji haushinsu, ciwo ne, ni ma na yi fama da shi.' Ya ce in ba kowannenku ɗaya, kyauta. Johnson ɗin taka ce, Floyd, da bakinsa ya faɗa. Ku zo mako mai zuwa mu je shagon dillalin bindigogi a cike takardun ka'ida."

Da zagi ta yi mana da ya fi sauƙi.

Mun je. Ba wanda ya iya haɗa ido da ita. Floyd ya ce ba zai karɓa ba, ta ce, "Ba da ni kake musu ba, da mamaci kake yi." Ya karɓa, ya kai mota, ya zauna kansa bisa sitiyari, har muka watse bai tayar da motar ba.

Ka san mu sarai, Orville, ka san kwaɗayinmu, kuma duk da haka ka tafi kana tunanin abin da zai faranta mana. Mun gaji ƙarfe da katako, halinka ne ba mu gada ba.

A madadin ƙungiya ina roƙon gafarar Maxine da Colleen, kuma ina miƙa ta'aziyya gare su, da jikokinka, da ƙanwarka Irene. Ubangiji Ya ji ƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya ba iyalinka haƙurin jure rashinka. Mu kuma da muka rage, Ya shirye mu kafin namu lokacin ya zo. Amin.

Wendell Pruitt