Jakin Da Na Ɓoye A Ƙeyar Hula

A lokacin ina saurayi a Sassumbrum, na dawo daga lise, wato babbar sakandare, da tsohuwar odinatar, kwamfuta ke nan, da zuciya mai saurin hawa. Na iya rubuta launi da lambobi: kowace lamba ɗigo ɗaya, in na jera su layi-layi injin ya fitar da hoto. Da haka nake zana adon hula, matan garinmu su bi lambobin, kowace lamba da zarenta.

Akwai wani abokina da muka tashi tare. Ya riƙa roƙona in tura masa rubutun a waya, wai sha'awa yake. Ashe garuruwan Kwaya da Yekuwa yake kaiwa, yana bugun ƙirji cewa shi ya ƙirƙira. Da na tare shi, ya yi dariya ya ce ai lamba ba ta da uba.

Na jira har ya zo neman zane na musamman, zai kai wa surukinsa hular Sallah. Na zauna na saka jaki a ciki, da shuɗi biyu waɗanda lamba ɗaya ta raba su. A waya ido ba ya bambance su, amma a takardar masu ɗinki ɗayan baƙin zare ne. Na raba jakin, rabi a kowane bakin ƙyalle, yadda sai an haɗa hular zai bayyana. Tela ya haɗa ya naɗe ana gobe Sallah. Dattijon ya sa ta ya tafi idi, sahun baya suna ta ƙunshe dariya.

Shi kam har gobe ba na tausayinsa, da ma ya fi haka jin kunya. Amma da aka ritsa shi sai ya ce mai ɗinkin ce ta yi. Mai ɗinkin kuwa goggona ce, wadda ta goya ni, ban san ita ya kai wa ba. Na fito na faɗi gaskiya, amma magana ta riga ta zaga kasuwa, aka daina kai mata aiki.

Masu karatu, in za ku rama, ku fara duba hannun da ramuwar za ta bi. Goggo ta ce ta yafe mini, amma tun ranar ba ta ƙara karɓar takarda daga hannuna ba.