'Yar Lelen Baba

Jiya ma'aikatan ruwa suka zo duba ƙaramin dam ɗin ƙasa da Baba ya bari a gonarmu ta Sara. Suka ce yana cikin masu haɗari. Na fusata, sai babbansu ya ce, "Hajiya, ginin lafiya lau yake. Gidajen da ke ƙasa da shi muke dubawa."

Ni da kishin dam ɗin nan na girma. 'Yar lelen Baba nake ce masa. Da damina Baba ba ya karyawa sai ya taka bayansa kaf, yana cusa sanda a ramukan gafiya. Ni ban taɓa samun rabin wannan kulawa ba.

Ranar sunan ɗana na fari aka kwana ana ruwa. Ana shafa fatiha Baba ya sulale ya tafi dam. Na aika masa da fura, ya shanye, ya dawo min da ƙwaryar cike da ruwan da ke tsattsafowa daga gindin dam, yana warin ɗanyar laka.

Ya ce, "Duba min, idona ya yi rauni. Garau yake ko da laka? In da laka, cin ginin yake."

Na ce, "Baba, wai ni ka haifa ko dam?"

Ya yi dariya ya koma.

Sai jiya na tsaya a kan dam ɗin na duba gangare. Rufin ɗakina ne na farko.

Har yanzu ina jin haushin ranar sunan nan, Baba. Allah Ya tsare makwancinka yadda ka tsare nawa.