Ƙamshin Ɗakin Inna

Shekarun baya, lokacin da na fara haɗa turaren fesa ɗaki a Ƙaura, gani nake duk Zamfara babu mai hanci irin nawa. A waya na koya. Na sayo 'yan kwalabe da man sandal da na lemun tsami da na kanumfari, ina ɗigawa a ruwan wardi ina girgizawa kamar wata likita. Matan unguwa suna yabawa, kaina kuwa sai ƙara girma yake.

A shekarar ne 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyenmu da ke bayan Zurmi. Yayana ya ɗauko mahaifiyata a babur ya kawo mini ita. "Ki riƙe ta nan," in ji shi. "Ko mi za ta ce, kar ki bari ta koma." Aikin da aka ba ni ke nan, Inna ta zauna.

Na ba ta ɗakina mai tayil, na fesa mata turaren da na fi ji da shi. Ta shaƙa, ta yamutsa fuska. "Ke, wanga ɗaki naki ƙamshin kanti yake yi. Bai da ƙamshin mutane."

Na yi dariya, amma abin bai tsaya a wasa ba. Inna ta rage cin abinci. Ta wuni a bakin ƙofa tana kallon bango, ta rame har zobenta ya koma yawo a yatsa. Sai na ce wallahi in dai ƙamshin ɗakinta take nema, ni zan kawo mata shi har Ƙaura, ta ci abinci ta zauna.

Na daka kajiji na jiƙa. Na sa saiwar jema irin wadda take turawa ƙarƙashin gado. Kowanne na fesa sai ta ɗaga hanci ta ce, "Da saura." Haba Inna! Har kuka na yi a bayan gida don takaici.

Wata safiya ina wucewa ta wani lungu kusa da kasuwar hatsi, sai na ga wata tsohuwa tana yayyafa ruwa a daɓen zaurenta za ta yi shara. Ƙamshin ya buge ni, na tsaya cak. Makuba ce, ruwan ɓawon ɗorawa da ake daɓe ƙasar ɗaki da shi. Kullum da safe haka Inna take yayyafa wa nata daɓen ruwa, da wannan ƙamshin muka tashi.

Na nemo ɓawon ɗorawa na jiƙa da ɗan jar ƙasa, na tace, na haɗa da kajijin da jemar. Ruwan ya fito baƙi-baƙi, ba kyan gani. Na fesa.

Inna ta rufe ido, ta shaƙa. Can ta ce, "Dama min fura." Ta shanye tas. Ranar har labari ta ba ni tana dariya. Na kira yayana ina rawar kai, na ce masa na gama da matsalar Inna, ya kwantar da hankalinsa.

Kwana kaɗan bayan haka na tashi na tarar ta ƙulle kayanta a zane.

"Inna, ina zuwa?"

"Gida za ni, ɗiyata. Na yi ta ƙoƙarin in manta, har na kusa, sai ga shi kin tuna min. Ɗakina na can ba mai yayyafa mai ruwa. Daɓen zai tsage."

Na durƙusa na riƙe ƙafarta. Na haɗa ta da Allah. Na ɓoye takalmanta, ta zura nawa ta nufi tasha. Ina tsaye ina kuka motar 'yan kasuwa ta tashi da ita.

Damina ba ta ƙare ba zazzaɓi ya kama ta. A lokacin hanya ta rufe, babu mai babur ɗin da zai yarda ya fito da ita asibiti. A waya na ji rasuwarta, ko jana'iza ban samu ba. Yanzu babu kowa a ƙauyen, yayana ya ce rufin ɗakin ma ya faɗa ciki.

Kowa yana ce mini kwana ne ya ƙare. Na sani, na yarda, Allah Ya jiƙan Inna. Amma zuciyata ba ta huce ba, kuma ban ga ranar da za ta huce ba. Har yau ina haɗa turare, sandal da lemun tsami, ƙamshin kanti. Wani lokaci matan da suka gudo daga ƙauyuka sukan shigo, su shinshina kwalabe su ce, "Ba ki da wanda ke ƙamshin gida?" Sai in ce ban iya ba.

Sauran na Inna yana ƙasan akwatina, naɗe cikin ɗankwalinta. Ban sake fesa shi ba. Ina tsoron in shaƙa ni ma in ƙulle kayana, alhali babu gidan da zan koma.