Wasiƙar Da Dakta Lanƙwasa Ya Rubuta Wa Kansa

A sashen lissafi suna kiransa Dakta Lanƙwasa, domin shekara tara ya yi yana lissafa yadda ƙarfe ke lanƙwashewa idan aka ɗora masa nauyi. Bai taɓa riƙe ƙarfen ba. Kwamfuta ce ke yanka shi gutsi-gutsi, ta danne, ta fito da hoto ja da shuɗi, shi kuma ya gyaɗa kai. Teburinsa na bayan ƙofa, kusa da na'urar buga takardu, saboda haka duk wanda takarda ta maƙale wa shi yake kira.

Sai wata jami'a ta buɗe gurbin bincike na shekara biyu ga masu digirin dakta da bai wuce shekara biyar ba. Nasa saura wata uku ya cika biyar. Ana son wasiƙar shaida daga Farfesa, shugaban sashen.

Da Dakta ya je nema, Farfesa bai ɗago kai ba. "Ka san al'adar gidan nan. Je ka rubuto, in sa hannu."

Kwana huɗu yana fama. Ya rubuta "haziƙi", kunya ta kama shi, ya goge. Ya rubuta cewa shi ya gina manhajar da sashen ke taƙama da ita, sai ya tuna sunan Farfesa ne a kai, ya goge. Abin da ya rage: yana zuwa aiki a kan lokaci, yana da ladabi, ba ya gardama.

Matarsa ta karanta ta ajiye. "Maigida, wannan ai shaidar mai gadi ce."

"Yabon kai jahilci," in ji shi.

"To, Allah ya ba mai ilimi sa'a."

Abokin ofishinsa, wanda har yau Dakta ke gyara wa lissafi, shi ma yana neman gurbin, ya rubuta wa kansa shafi uku, har da cewa irinsa sau ɗaya ake haifa a ƙarni. Farfesa ya sa hannu a duka biyun da biro ɗaya, yana waya.

Aka ɗauki abokin.

Da Dakta ya kai labari, a ranar ne Farfesa ya nemi kwafin wasiƙar ya karanta. Ya cire tabarau.

"Kai ma dai! Ko ni aka kawo wa wannan ba zan ɗauke ka ba." Ya miƙo masa wani fayil. "Tunda kana nan, lissafin gadar nan ya ƙi fita. Litinin nake so."

Dakta ya karɓa da hannu biyu.